Sun Kawo Komai Ban da Kwalbar

Masu bibiyata, ku gyara zama, yau da sanyin zuciya nake rubuto maku. Wadda yau ta fara shigowa ma kada ta damu, zan ɗauko daga tushe. Mu malaman 'yan aji biyu mun saba maimaita darasi ba tare da mun ƙosa ba.

Sunana Queen, amma a unguwarmu nan Kankia Sarauniya ake ce mini, yaran da nake koyarwa kuma su ce Anti Kwin. Mahaifina Cosmas mutumin ƙasar Ibo ne. Ya zo garin nan yana saurayi, ya buɗe shagon kayan babur a bakin titi, ya koma gida ya auro Mama Vero ya taho da ita. Nan aka haife ni, nan na yi rarrafe, Hausa ce ta fara fita daga bakina. Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sutura ba, maƙwabta kuma sun riƙe mu da mutunci. Abin da muka rasa dangi ne. Ba kawu a kusa, ba gwaggo, ba kakar da za a ruga a ɓuya a bayanta. Ni kaɗai iyayena suka haifa. Duk wata al'adar garinsu da Baba ya taso a cikinta, shi kaɗai yake riƙe da ita a tsakar gidan nan, kamar mai kare fitila da tafin hannu.

Ɗaya daga cikin al'adun nan ta yammacin Lahadi ce. In an dawo coci an ci abinci, rana ta yi sanyi, sai amininsa Baba Ayo ya iso. Bayerabe ne, tsohon ma'aikacin awon filaye, ya yi ritaya ya ce shi kam Kankia ta zama gida. Su shige ɗakin Baba na ciki a saki labule, domin a garinmu abin ba na fili ba ne, kuma Baba yana jin nauyin Malam maƙwabcinmu mai makarantar Islamiyya kamar yadda ake jin nauyin yaya. Sai a fito da kwalbar jin, farar barasar nan da ido ba ya raba ta da ruwa. Kada ku yi wa Babana mummunan zato. Kwalba ɗaya takan ga damina ta ga rani, kuma tun da nake ban taɓa ganin shi yana tangaɗi ba. Abin da na taso ina ji daga bayan labulen nan gardama ce kawai.

Baba yana da wani ɗan kofin gilashi, bai wuce tsawon babban yatsa ba. Zai zuba, ya ɗiga kaɗan a ƙasa, ya ɓalli namijin goro ya tauna, sannan ya kurɓa a hankali. Ba sanyi, ba gauraye. Shi kuwa Baba Ayo babban kofi yake ɗauka, ya jefa ƙanƙara, ya matse lemun tsami, ya cika da wani ruwa mai ɗaci-ɗaci da kumfa da ake kira tonik, sannan ya tarfa barasar a kai.

"Ayo, wannan ba sha ba ne, wanki ne," in ji Baba. "Ka zuba mata ruwa, ka zuba mata tsami, saura sabulu."

"Kai kuma fa? Maƙogwaro ya zama salansar babur, komai ya wuce ba ya ji. Abu mai ƙamshi sai an ba shi wuri ya buɗe."

"Abu mai kyau ba ya neman 'yan rakiya."

Mama kuma daga kicin ta ɗago murya: "Dukanku ɓarna kuke yi. Amfaninta ɗaya ne, a jiƙa saiwa a ciki a sha cokali guda don ciwon baya."

Haka suke tun ina goye. Ban taɓa zaton gardamar nan za ta shigo maganar aurena ba.

Irmiya jami'in lafiya ne a Kusada. Na fara ganin shi ranar da suka zo makarantarmu raba maganin tsutsar ciki. Wata yarinya a ajina ta ƙanƙame baki ta ƙi haɗiya, ya durƙusa a gabanta da farar rigarsa yana lallashi har ta yi dariya ta haɗiye. Na ce a raina, mai wannan haƙurin ai malami ne ya ɓata hanya. Bahaushe ne Kirista, ƙauyensu na can bayan Kusada, shi ke jan waƙa a cocinsu. Mahaifinsa ya rasu, wan mahaifiyarsa Kawu Sodangi ne ya riƙe shi, kuma shi ne dattijon cocin.

Da magana ta yi nisa, na sami Mama, Mama ta sami Baba. Ya saurara, ya ce ya ga yaron, bai ga aibunsa ba. Har na fara murmushi sai ya ƙara da cewa:

"A garinmu mai neman aure ba ya buɗe baki sai ya ajiye kwalba a gaban uban yarinya. Ita ce ƙwanƙwasa ƙofa. Su zo da kwalbar jin a rufe, daga hannunsu zuwa hannuna. Sauran abubuwa duk mai sauƙi ne."

Nan fa matsalar take, domin na san tarihin gidan su Irmiya. Kakansa na wajen uwa burukutu ce ta cinye masa gona ta cinye masa lafiya. Da gidan suka karɓi bangaskiya, Kawu Sodangi yana matashi ya farfasa tukwanen giyar da hannunsa, ya yi alkawari a gaban jama'a cewa ba zai sha ba, ba zai saya ba, ba zai ɗauka ya miƙa wa wani ba. Har ya tsufa bai karya ba.

Da yamma wayata ta yi ƙara, saƙon Irmiya ne.

"Sarauniyata, kin yi shiru. Me Baba ya ce?"

Na rubuta masa komai. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can sai ga shi:

"Akwai direban da na sani mai zuwa Kano. In ba shi saƙon kwalbar a ɓoye, in kawo wa Baba ta bayan gida kafin ranar. Kawu ba sai ya sani ba."

'Yan uwa, ba zan ɓoye maku ba, na rubuta "to" har yatsana ya kai kan turawa. Ina son bawan Allahn nan. Amma sai na tuna ni ce kullum nake tsayawa gaban yara ina cewa wanda ya fasa alli ya ɗaga hannu, ba zan doke shi ba. Na goge.

"A'a. In za ka shigo gidanmu, ta ƙofar gaba za ka shigo, Kawu yana gabanka."

"In Baba ya ƙi fa?"

"Sai mu yi kuka, mu share hawaye, mu sake roƙo."

"Ke malama ce har a soyayya."

"Kai ma ɗalibi ne mai neman satar amsa."

Ya turo hoton fuska mai dariya da hawaye. Ni kuwa na kifa wayar a kan filo na yi kukan gaske.

Washegari da na tashi daga makaranta na kai wa Baba abinci shago, shinkafa da wake da soyayyen kifi, na zauna a kan benci tsakanin tayoyi ina jira ya ci ya ƙoshi. Na san ba a yi wa mai yunwa bayani. Sannan na faro a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi wa yara lissafi: alkawarin Kawu Sodangi, matsayinsa a coci, halin Irmiya. Baba ya bar ni har na kai aya. Ya wanke hannu, ya goge da tsumma.

"Queen, na bar garinmu. Na bar kabarin ubana. Yarenmu ke kanki in kin gaishe ni da shi sai na yi kamar ban ji kuskuren ba. Ban taɓa yin ƙorafi ba, garin nan ya yi mini komai. Amma 'ya ɗaya gare ni, sau ɗaya za a zo neman ta. Wannan ɗin ma in bari?"

Na tattara kwanuka na taho, ina tafe ina jin tausayinsa da haushinsa sun cakuɗe mini wuri guda.

Aka ɗauki kwanaki ba wani motsi. Na rame har shugabar makarantarmu ta tambaye ni ko zazzaɓi nake. Sai ranar nan ga saƙon Irmiya:

"Kawu ya ce ya sami hanya. Ya aike ni wurin Baba Ayo na yi masa wata tambaya. Asabar muna tafe."

"Wace hanya? Wace tambaya?"

"Ya ce in na faɗa miki zai fasa zuwa."

"Irmiya, ba dai kwalbar ba?"

"Ko kusa. Ki kwantar da hankalinki, ki sa atamfar nan mai ruwan ganye."

Ta ina hankali zai kwanta? Na tare Baba Ayo a hanya, ya ɗaga hannu yana dariya ya ce shi bakinsa da goro, ba zai faɗa ba.

Asabar ta zo da zafin bazara irin wanda ko ƙadangare ba ya son hawa katanga. Tun da safe Inna Kubura, matar Malam, ta aiko da tabarmi sababbi da kwanon waina, sannan ta shigo da kanta ta duba lallen da ta sa mini a daren jiya. A bayanta na yi rabin ƙuruciyata, ta san komai.

"Sarauniya, da kwalbar turare ubanki ya ce, ai da na ba da tawa an huta," ta ce tana gyara mini ɗaurin ɗankwali. "Ki daina wannan fuskar. Abin da Allah ya ƙulla, tsofaffi biyu ba su kwance shi."

Na sa atamfar mai ruwan ganye, riga da zane, da 'yan kunnen Mama na ranar aurenta. Aka share falo, aka jera kujeru, aka kunna fankar caji. Baba ya fito cikin rigar garinsu mai zanen kan zaki da jar hula, wadda ban taɓa ganin ya sa ba sai a hoto. Baba Ayo yana gefensa cikin agbada, babbar rigar Yarbawa, sai murmushi yake kamar shi ne angon. Ni da Mama muka laɓe a bayan labulen ɗakinta, inda ake ganin falo ta wata 'yar kafa.

Bayan azahar muka ji tsayuwar babura. Aka yi sallama. Irmiya ya shigo cikin shadda ruwan toka, kansa a ƙasa, da wasu dattawa biyu. A gabansu wani dogon tsoho siriri mai farin gemu, cikin farar babbar riga, Kawu Sodangi ke nan. Abin da na fara gani shi ne gaban rigar ya jiƙe sharkaf tun daga ciki har gwiwa, ga ƙaiƙayi ya manne a jiki. Na ce a raina, wayyo, ko faɗuwa suka yi a hanya?

Aka gaisa, aka sha ruwa, aka tambayi gida da zafi. Sannan Kawu Sodangi ya yi ishara aka fara shigo da kaya. Ƙwaryar goro. Kwando cike da lemun tsami, kore shar, har da ganyensa. Kwalin tonik guda. Daga ƙarshe wani buhu mai ɗiga, aka kwance, sai ga ƙaton dunƙulen ƙanƙara kwance cikin ƙaiƙayi, ya narke ya koma rabi.

Mama ta damƙe hannuna. "Yesu," ta ce a hankali, "kayan Ayo ne."

Kawu Sodangi ya gyara murya. Hausarsa irin ta ƙauyukanmu ce, mai nauyi da daɗi.

"Maigida, mun zo biɗar ɗiyarka ma ɗanmu. An gaya muna al'adarku, kuma al'adar mutum ba abin rainawa ba ce. Ni kau ina da alkawari tsakanina da Ubangiji, tun ba a haifi yaron ga ba. Na kwana ina tunani, na ce to, in ba ni iya kai wa ga abu, in taka har inda ƙafata ta halatta. Na aika a tambayo mi da mi ake shan abin nan da shi. Ga su nan, ba mu rage ko ɗaya ba. Lemun daga lambuna na tsinko. Wanga ruwa mai kumfa daga birni aka kawo, na sa fasto ya karance rubutun jikinshi tsaf, ya ce ba komi ciki. Ita uwar tafiyar ce dai hannuna ba shi ɗauka. Ka yi muna haƙuri."

Baba ya dubi kwandon, ya dubi kwalin, ya dubi ƙanƙarar da ke tsiyaya a kan sabuwar tabarmar Inna Kubura. Sannan ya juya a hankali ya dubi amininsa.

"Ayo. Kai ne?"

"An tambaye ni yadda ake shan ta, na faɗi gaskiya," in ji Baba Ayo yana buɗe hannuwa. "Ƙarya kake so in yi wa yaro? Ka ga mutanen kirki, ko lemun ma sun san wanda ake zaɓa."

"Yadda kai kake lalata ta aka tambaye ka?"

Na ga Irmiya ya ɗago a firgice. Sai a lokacin ya gane ya je neman hanya wurin wanda bai kamata ba. Ni kuwa ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Duk duniya ba abin da Baba ya raina kamar kayan nan uku, ga su an jere masa a gaba da sunan girmamawa.

Baba ya juyo ga baƙi. Muryarsa ba faɗa, amma ba wasa.

"Dattijo, kun kawo sirdi, kun kawo linzami, ba doki."

"Gaskiya ne," in ji Kawu Sodangi. "Dokin ne ba mu iya ja."

"Kuma ni ko da dokin, ba na ɗaura masa waɗannan. Wancan ne mai sha da su." Ya nuna Baba Ayo da haɓa.

Kawu Sodangi ya juya ya yi wa Irmiya wani kallo da ya sa shi sunkuyar da kai har ƙasa. Na ga kunya ta rufe dattijon nan, ya sa hannu yana kakkaɓe ƙaiƙayin rigarsa. Na ce shi ke nan, yanzu za su tashi. Amma sai ya ɗago ya ce:

"Ashe mun yi ɓatan kai. To kai, maigida, ƙaƙa kake shan taka?"

Ban taɓa jin wani ya yi wa Baba wannan tambayar ba. Baba Ayo gardama yake yi masa, Mama tsaki, ni kuma ban taɓa damuwa ba. Sai Baba ya fara bayani, da farko a daƙile, daga baya har da hannu. Ya ce ba a sanyaya ta, sanyi yana kashe ƙamshi. Ya ce kofi ƙarami, don mutum ya san iyakarsa. Ya ce namijin goro ne ke share baki kafin ta iso. Ya ce ba a shan ta a tsaye, ba a shan ta cikin fushi, kuma ɗigon farko ba na mai rai ba ne, na iyayen da suka riga mu ne, don su san ana tunawa da su. Haka ubansa yake yi, haka kakansa.

Kawu Sodangi yana ta gyaɗa kai.

"Abin da kake sha ban yarda da shi ba, kuma ba ni ɓoye maka," ya ce. "Amma zancen gauraye, nan kam muna tare. Dubi abin da yaran yanzu suka mai da fura. A zuba sukari, a zuba ƙanƙara, har da kwakwa da dabino, a markaɗa da inji. Na ce masu wagga ba fura ba ce, kunun yara ce. Fura gero ce da nono, a dama da ludayi, a bar ta ta faɗi abin da ke bakinta."

"Ka ji!" Baba ya buga cinya, ya juya ga Baba Ayo. "Ka ji mai hankali!"

"Na shiga uku, sun zama biyu," in ji Baba Ayo.

Aka yi 'yar dariya, har dattawan da suka rako su. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin kowa ya san maganar tana nan inda take. Baba ya sake duban tsohon, idonsa ya tsaya a kan jiƙaƙƙiyar rigar.

"Me ya jiƙa ka haka?"

"Ƙanƙarar ce. A cinya na riƙo ta bisa babur tun daga Kusada."

"Ai ana sayar da ƙanƙara a nan Kankia. Ga shago can a bakin titi."

"Na sani. Amma abin da za a kai gidan surukai daga gida ake ɗauko shi. Ba a saye a ƙofar gidan mutum a miƙa mashi."

Baba ya cire jar hularsa, ya shafa kai, ya mayar. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin tabarma. Sannan ya ɗaga murya:

"Queen!"

Mama ta tura ni ta baya. Na fito na durƙusa a gefen kujerarsa, ban yarda na dubi inda Irmiya yake ba.

"A garinmu," in ji Baba, da Hausa don kowa ya ji, "a nan ne ake kiran yarinya a nuna mata kwalba a ce, mu buɗe ko mu mayar masu da abinsu? In ta ce a buɗe, ta zuba ta miƙa wa ubanta, magana ta ƙare. To ga shi ba abin buɗewa. Ban san me zan tambaye ki ba."

Ya faɗe ta ne kamar mai neman a fitar da shi daga rami, ba kamar mai rufe ƙofa ba. Ni dai haka na ji ta. Ban yi shawara da kowa ba, na tashi na shiga ɗakinsa na ɗauko ɗan kofin gilashin nan, na biya kicin na ɗauko wuƙa. Na dawo na durƙusa a gaban kayan. Aikin na san shi, tun ina yarinya nake leƙen Baba Ayo. Na ɗauraye gefen ƙanƙarar na ɓalli ɗan guntu na jefa. Na zaɓi lemu ɗaya na yanka na matse. Na buɗe tonik ɗaya, ya yi tsiii, na cika kofin. Na taka da gwiwa har gaban Baba, na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, abin da suka kawo ke nan. Ni na ce a buɗe."

Jama'a, ban san tsawon lokacin da kofin nan ya yi a hannuna ba. Sanyinsa ya ratsa yatsuna. Ina jin numfashin Mama a bayan labule. Baba yana kallon kofinsa da bai taɓa ganin ƙanƙara ba, yana kallona.

Ya karɓa.

Ya karkata shi ya ɗiga kaɗan a ƙasa, ya yi magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ban tsinci komai ba sai sunan kakana da nawa. Kawu Sodangi ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. Sannan Baba ya kai kofin baki ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse kamar an ba yaro maganin zazzaɓi.

"Ba daɗi," ya ce.

Ba wanda ya motsa.

"Ko kaɗan ba daɗi." Ya ɗaga kofin ya shanye tas, har da guntun ƙanƙarar, ya taune shi ƙurus-ƙurus. Ya ajiye. "Surukaina, ku gyara zama. Vero! A kawo abinci, mutanen nan daga nesa suke."

Guɗar da ta tashi ba daga ɗakin Mama ta fito ba, daga bayan katanga ta fito. Ashe Inna Kubura tana can ta kasa kunne. Mama ta fito tana rawa tana share hawaye da gefen zane. Baba Ayo ya miƙe yana shelar cewa yau ya ga abin da ya fi ritaya daɗi, Cosmas ya sha lemun tsami da ƙanƙara a gaban shaidu.

"Ba da jin ba," in ji Baba. "Ita ban ci amanarta ba."

Aka haɗa wa Kawu Sodangi nasa a babban kofi. Ya kurɓa, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Wanga abu mutane ke saye da gumin goshinsu?" Aka sake fashewa da dariya. Ni kuwa na gudu ɗaki na faɗa kan gado, jikina duk ya saki kamar na sauke tulu. Wayata ta yi ƙara. Irmiya ne, daga falo, yana zaune a gaban manya yana satar rubutu.

"Na kusa suma."

"Wa ya ce ka tambayi Baba Ayo?"

"Na ga shi ne amininsa! Na ɗauka tare suke sha iri ɗaya."

"Ka ci sifili a bincike. Amma an yafe maka."

Mama ta ba Kawu Sodangi wata rigar Baba ya canza, aka shanya tasa a igiya. Kafin su gama cin abinci ta bushe. Suka tafi da la'asar sakaliya, Baba ya raka su har bakin titi, abin da ban taɓa ganin ya yi wa baƙo ba.

Gab da magariba ina tsakar gida ina wanke kwanuka, wayar Baba ta yi ƙara. Yayansa ne daga can garinsu, babban gidan gaba ɗaya, wanda ko a waya Baba ba ya yi masa magana a zaune. Ya miƙe tsaye. Yarena bai da ƙarfi, amma na gane tambayar, domin sau biyu aka maimaita ta: wace irin kwalba suka kawo?

Na tsaya da kwano a hannu. Da Baba ya ambaci kowane suna, ba mai zuwa ya duba.

"Ba su kawo ba," ya ce. "Na karɓe su haka."

Ihun da ya fito daga wayar har sai da Baba ya nisanta ta da kunne. Aka daɗe ana yi, shi dai yana cewa to, to. Da ya kashe ya dube ni.

"Ki gyara ɗakin baƙi. Ya ce zai hau mota ya zo ya ga mutanen da suka auri 'yar gidanmu da ruwan lemu."

"Baba, in ya zo ya ce a janye fa?"

"Sai ya yi faɗansa ya gaji. Abin da na sha na sha." Ya juya zai shiga ɗaki, ya tsaya a bakin ƙofa. "Kuma ki kwashe lemun nan ki kai wa Ayo, kada in sake ganin su a gidana."

Na ci gaba da wanke-wankena ina murmushi ni kaɗai. A ranar na gane cewa Baba bai daina son kwalbar nan ba, kuma har gobe yana jin an rage masa wani abu. Ya sha ne kawai don ni ce na miƙa masa.